Sadakar Mai Rai

Ni tun kafin a haife ni na mutu. Haka nake gaya wa abokaina a lakwal, wato makarantar boko, su yi ta dariya, amma ba duka ne ƙarya ba. Yayan babana, wanda muke kira Baffa, ya tafi Libiya neman aiki ina cikin ciki. Motarsu ta lalace a tsakiyar Sahara. Wani da ya tsira ya zo har ƙofar gidanmu a Gure, ya rantse cewa da hannunsa ya ja rawani ya rufe wa Baffa fuska. Ba gawa, ba kabari, amma aka shimfiɗa tabarmi aka yi zaman makoki, aka yi addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in. Matarsa ta yi takaba ta fita, daga baya ta yi aure a Gidigir. Aka raba dabinansa na kwari, aka ba da rigunansa sadaka. Ana cikin haka na faɗo duniya ina tsala ihu, babana ya raɗa mini sunan yayansa.

Sunan nan ya yi mini rana. Na girma ba mai iya dukana. In na saki awakin maƙwabta, ko na zuba barkono a butar wani, babana ya ɗaga hannu har sama, sai ya tuna sunan wa nake ɗauke da shi, ya mai da hannun ya sosa ƙeya, ya ce, "Yaya, ka dinga jin tsoron Allah." Kakata kuwa, uwar su babana, da aka kai ni yaye wurinta ba ta sake mai da ni ba. Sauran kakanni suna tsokanar jikokinsu da ragon miji, ni tawa kunyata take ji, domin Baffa ne ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido cikin ido. "Kai mai suna" take ce mini tana duban bango. Amma a akushin Baffa nake cin tuwo, kuma tsokar da ta fi kowace girma a miya ta san hanyar akushin nan da kanta.

Kowace Juma'a da hantsi Kaka takan jiƙa gero ta daka gumba, ta sa ɗan sukari, ta dunƙula ta jera a ƙwarya. Sadakar Baffa ke nan. Ni nake fita da ita ƙofar gida, yaran unguwa su yi layi, kowa ya karɓi dunƙulensa ya ce, "Allah ya jiƙan mai ita, Allah ya haskaka kabarinsa." Doka ɗaya ce a kan gumbar nan, kuma ta fi dokar soja tsanani: ɗan gida ba ya taɓa ta. Abin da aka fitar don mamaci na mutanen waje ne. Na yi duk dabarar da Allah ya hore mini, har hayar wani yaro na yi ya karɓo mini ta bayan gida, Kaka ta sansano bakina daga nisan da raƙumi ma ba zai ji warin ruwa ba.

Bara waccan, cikin bazara, da tsakar rana, lokacin da ko ƙadangare ba ya yarda ya taka rairayi, aka yi sallama a zaure. Kowa na kwance. Na fita ina jan ƙafa, na tarar da wani dogon mutum, busasshe kamar kirin raƙumi, gemunsa da furfura, da ƴar jaka a kafaɗa. Ba ya kallona, katangar gidan yake kallo.

Na ce, "Wa za a ce?"

Ya faɗi sunana.

Na ce, "Ni ne. Kai wa za a ce?"

Ya sake faɗin sunana, a hankali, sannan ya ƙara da sunan kakana namiji a baya.

Na dubi ƙafafunsa, domin an ce fatalwa ba ta taka ƙasa. Yana takawa. Na nemi inuwarsa, ban gani ba. Daga baya ne na tuna cewa da tsakar rana inuwar kowa tana ƙarƙashin tafin ƙafarsa, har da tawa. A lokacin dai ban tsaya lissafi ba. Na san na shiga gida, amma har yau ana gardama a kan ko ta ƙofa na bi.

Babana ya fito, ya tsaya, ya durƙusa. Sai ya kama ƙafar mutumin yana kuka irin wanda ban taɓa jin babba ya yi ba. Kafin a jima unguwa ta cika gidan. Wasu mata na guɗa, wasu na salati suna ja da baya. Sai Kaka ta fito daga ɗakinta, aka buɗe mata hanya. Ta tsaya ta dube shi tun daga kai har ƙafa, ta daɗe, har guɗar ta mutu da kanta. Shi kuma ya durƙusa ya ce, "Inna."

Ta juya wajen babana ta ce da Barbarci, harshen da take komawa in abu ya kai mata wuya, "A ba baƙo ruwa." Ta koma ɗaki ta saki labule.

Baffa bai taɓa ba da labarinsa duka ba. Abin da muka tsinta shi ne wasu masu raƙuma ne suka same shi da sauran numfashi, ya yi shekaru yana yi musu kiwo, ya ƙarasa Libiya, aka kulle shi, aka sake shi, kunyar dawowa hannu wofi ta ƙara riƙe shi. Aka share masa ɗakin da ke jikin zaure, inda ake sauke baƙi. Daga sashen babana ake kai masa abinci. Tukunyar Kaka ba ta san da shi ba.

Kwanakin farko gari ya yi ta zuwa barka. Da barka ta ƙare sai aka rasa abin da za a yi da shi. Ladanin masallacinmu ya shekara goma sha wani abu yana sa wata shuɗiyar riga da aka ba shi cikin kayan mamaci. Ranar da sahu ya haɗa shi kafaɗa da kafaɗa da mai rigar, gumin da ya yi zai isa a yi alwala. Ƴan'uwan da suka gaji dabino suka koma gaishe shi daga nesa, da hannu ɗaya. Sau ɗaya ya yi kiciɓis da tsohuwar matarsa a kasuwa, tana riƙe da hannun ɗan wani. Ta ja mayafi ta rufe fuska kamar ita ce za a binne, ta bi ta bayan masu kanwa. Dattawan majalisa kuwa bakinsu ya riga ya saba. Ana hira sai wani ya ce, "Ai shekarar da muka haƙa rijiyar nan da marigayi, Allah ya jiƙansa…" sai ya ga marigayin a gefensa yana kurɓar shayi. Baffa yakan ajiye kofi ya ce, "Amin." Ba mai dariya.

Ni ma na yi asara. Mako bai cika ba na ɗaure wa jakin wani gwangwani a wutsiya, babana ya ɗaga hannu, ya duba ya ga yayansa na gaske zaune a zaure, hannun ya sauko inda aka nufa da shi tun ina goye. Na ji bashin shekaru a bayana.

Malaminmu na siyans, wani mutumin yamma da aka turo garinmu, ya koya mana cewa mutuwa ita ce zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa ta daina aiki. Na ɗaga hannu na ce majo, babban ma'aikacin jinya, ya ɗora wa Baffa abin sauraren ƙirji a gidan likita, ya ce zuciyarsa tana bugu kamar ganga, amma a gidanmu har yanzu mamaci ne. Malam ya ce in fita in ba iska wuri. Ina tsaye a rana na yi tunanin da ban taɓa yi a cikin aji ba. A Gure mutuwa aikin gayya ce. Wani ya kawo labari, wani ya shimfiɗa tabarma, wani ya ɗauki riga, wani ya ɗauki dabino, wani ya ɗauki mata, ni na ɗauki suna da akushi. Kowa ya yi nasa da kyakkyawar niyya, ya tafi gida. In ana son mutum ya dawo, sai kowa ya maido abin da ya ɗauka, kuma ba wanda aka taɓa koya wa yadda ake yin wannan. Liman ya zaunar da dangi, aka mai da wa Baffa wasu dabinai. Amma liman ba shi da hukunci a kan bakin uwa.

Juma'ar farko bayan dawowarsa na ji taɓarya tana sauka a turmi. Na ce madalla, yau gumbar murna za a yi, yau zan ci. Kaka ta miƙo mini ƙwarya tana duban bango, ta ce, "Kai mai suna, yara na jira."

Hanyar ƙofar gida ta zaure take bi. Na wuce da ƙwaryar ta gabansa, yana zaune a tabarma. Yara suka karɓa ɗaya bayan ɗaya. "Allah ya jiƙan mai ita. Allah ya haskaka kabarinsa." Wata ƴar ƙarama ta faɗa tana leƙensa, bakinta cike. Ban juya ba, amma ina jin idonsa a ƙeyata kamar an ɗora mini ƙanƙara. Tun daga ranar, duk Juma'a kafin taɓarya ta fara, ya riga ya sauka kwari.

Aka yi makonni a haka. Wata rana da la'asar na sami Kaka tana tsince gero a faifai, na zauna na fara da wasa.

"Kaka, in idonki ne ya tsufa, akwai tabarau a kasuwa. Mutumin nan na zaure ɗanki ne. Hancinku ɗaya, kuma ba hancin da mutum zai ara ba ne."

"Tashi ka ba ni wuri, mara kunya."

"To ki daina yi wa mai rai sadakar matattu. Ki ba ni gumbar in ci, ladan ya tsaya a gida."

Ta ajiye faifan. Ta dubi ƙofa, ta dubi saman katanga, sannan ta matso ta rage murya har sai da na kara kunne.

"Ka ɗauka ban san abin da na haifa ba? Ina kwance ya yi sallama, tun daga sallamar na san shi."

"To me ya sa…"

"Rufe bakinka ka ji. Na binne uku a gidan nan kafin su yi haƙori. Na san halin mutuwa. Tana bin inda ake murna. Wannan ta riga ta sa shi cikin nata, kuma ba ta fita neman abin da take tsammanin yana hannunta. Duk Juma'a tana jin turmi, tana jin yara suna addu'a, sai ta wuce. Ranar da na yi guɗa, ranar za ta waiwayo. Na yi kukansa sau ɗaya, ba ni da ruwan na biyu."

Na yi ƙoƙarin dariya, ta fito kamar ta akuya mai mura. Na ce, "To in ta waiwayo ta shigo da suna a bakinta, ta tarar da mu biyu muna amsawa fa?"

Kaka ta ɗago ta dube ni cikin ido. Tun da nake ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Shi ya sa nake daka."

Daga ranar na zama babban mai goyon bayan gumba a duk Damagaram. Ni nake tuna mata a jiƙa gero. In aka kira sunana a hanya ba na amsawa sai na ga bakin da ya kira. Tsakar rana ta zame mini abin tsoro, lokacin da gari yake ɗif, ganyen goruba yana karkaɗawa ba iska, rairayi yana zubowa daga kan tudu shi kaɗai kamar wani yana saukowa a hankali. Na san malamai sun ce ajali ba ya kuskuren gida. Kaina ya yarda da haka, ƙafafuna ne ba su je karatun ba.

Baffa kuwa yana ƙara bushewa. Wata Laraba babana ya aike ni kwari da fura, na same shi yana jan ruwa yana ba rogo. Ya sha, ya goge gemu, ya ce, "Takwara, jibi bayan an sauko masallaci akwai motar da za ta yi arewa. Akushin naka ne, ka ci gaba da riƙo."

Na kasa haƙuri, na zazzage masa duk abin da Kaka ta ce, ina raɗa ina waige-waige kamar ɓarawon kaza.

Ya ce, "Na sani. Uwata ce." Ya daɗe yana kallon guga. "Da na farka a Sahara da rawani a fuskata, na san ina da rai saboda ƙishirwa. A can sau ɗaya aka rufe mini fuska. A nan duk Juma'a ake rufewa. Wanda aka ɓoye har ba ya iya cin tuwon uwarsa, me ya rage da za a zo a ɗauka?"

Na gaya wa Kaka zancen motar. Ta tashi ta auni gero.

Ranar Juma'a taɓarya ta fara, amma Baffa bai sauka kwari ba. Yana zaune a zaure, jakarsa a ɗaure kusa da takalmansa. Na ɗauko ƙwarya na wuce. Yara suka yi layi. Ina cikin rabo sai na ga layin ya yi tsit, yaran suna matsawa gefe. Baffa ne ya taso ya tsaya a bayan ƴar ƙaramar nan, ya fi kowa tsawo sau uku. Da layi ya zo kansa ya miƙo hannu biyu kamar yadda yara suke yi.

Ya ce, "A ba matafiyi sadaka. Zan yi wa mai ita addu'a."

Dunƙule ɗaya ya rage. Na ɗauke shi, yana da sanyi, yana manne mini a yatsu. Na san in na sa masa a hannu, shi ke nan, ya zama mutumin waje da shaidar gidansu, zai ci ya hau mota. Na kuma san abin da zai biyo baya in ban sa ba, da wanda za a iya tararwa yana amsa suna. Ƙafafuna suna cewa ba shi mu huta. Amma bakina bai taɓa shawara da kowa ba tun da aka halicce shi. Na juya wajen zanar da ta kare tsakar gida, inda na san Kaka takan tsaya tana sauraron addu'ar yara, na buɗe murya yadda za a ji ni a Alakos.

"Kaka! Ga wani baƙo a layi, dogo, mai hanci! In ba shi?"

Na fara sauke dunƙulen a hankali, a hankali, har gumbar ta kusa taɓa tafinsa.

Zana ta yi ƙara. Kaka ta fito ba mayafi, ba takalmi, ita da ba ta taɓa leƙo ƙofar gida haka ba.

"Kai! Sauke hannunka! Yaushe ɗan gida ya fara cin sadakar gida? Haka na tarbiyyantar da kai?"

Ba ni take kallo ba.

Maganar na fita ta dafe bakinta da hannu biyu. Ta dubi sama, ta dubi ƙarshen lungu. Mu ma duk muka duba. Ba zan ce ga dalili ba, bazara ce kuma lokacinta ne, amma wata ƴar guguwa ta taso daga bakin lungun, siririya, tsawon mutum. Ta zo tana juya ganye da ledoji, ta tsaya daidai ƙofarmu kamar mai karanta fuskoki. Yara suka watse suna salati. Ni da Baffa muka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Kaka ta shiga gabanmu, ƴar tsohuwar da ba ta kai hammatarsa ba, ta buɗe hannuwa. Guguwar ta watsa mana rairayi a ido, ta kifar da ƙwaryar, ta bi ta kan katangar maƙwabta ta tafi.

Kaka ta tofar da ƙasa. Ta ce, "To, an ji. Ai sai a shiga." Ta kama hannun rigar Baffa tana ja tana faɗa, Hausa da Barbarci a haɗe, wai dubi wuyansa kamar na zalɓe, wai wane ne ya ce masa ana shekaru haka ba aike. Shi kuwa yana biye da ita yana kuka yana dariya. Motar arewa ta tafi da wasu.

Da rana na nemi akushina na tarar da shi a gaban mai shi, da tsokar nan tawa a sama. Ni aka zuba mini a kwanon roba. Dunƙulen ƙarshe yana hannuna har lokacin, ya sha rairayi. Na tambayi Kaka ko yanzu ya halatta, tun da mai sadakar ya tashi. Ta ce in kai wa akuyar maƙwabta.

Turmin Juma'a ya yi shiru tun daga ranar, kuma yaran unguwa har yau ba su yafe mini ba. Baffa ya yi ƙiba kaɗan, dattawa sun koyi riƙe bakinsu, ladan ya rina rigar ta koma baƙa yana tsammanin ba mu gane ba. Kaka ce ba ta koma yadda take ba. In Baffa ya yi tari a kwari sai ta ji a gida. Ta dawo da tabarmarta bakin zana, ta daina barcin rana. Duk wanda ya yi sallama da tsakar rana ya kira sunan nan, ni da Baffa mukan dubi juna mu yi shiru, ita ce take tashi da sandarta ta fara leƙawa, ta ce, "Wanne daga ciki? Kuma wa ya aiko ka?"